Yadda Iri Ke Tsira, Da Inda Shuka Ke Samun Abincinta

Da zarar bazara ta kama, manoman ƙasar Gwarzo da Kabo sai su shiga sharar gona da kai taki. Daga Getso zuwa Kutama, daga Garo zuwa Gude, zance biyu ne a bakin kowa: yaushe ruwan shuka zai sauka, kuma nawa buhun taki ya kai a kasuwa. Damunar wannan yanki gajera ce. Ruwa yakan kankama a ƙarshen watan Mayu ko cikin Yuni, ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Wanda shukarsa ta farko ta ƙi fitowa ya yi asarar iri, ya kuma yi asarar mako biyu daga cikin wata huɗu kacal. Wanda ya zuba taki ba a kan ƙa'ida ba, kuɗinsa ya zuba a rafi.

Yawancin wannan asara ana iya kauce mata, idan manomi ya san abin da ke faruwa a cikin ƙasa da cikin ganye, inda ido ba ya gani. Darasin wannan wata a kan haka yake.

Ƙwayar iri tana da rai

Ƙwayar iri ba matacciya ba ce. Barci take yi. Tana numfashi a hankali ƙwarai, tana jiran lokacinta.

Kowa yana iya gani da idonsa. A jiƙa wake a ruwa ya kwana. Da safe a murje ɓawon, a raba waken biyu. A kusa da hancin waken za a ga wani ɗan abu fari, mai 'yar wutsiya da 'yan ganye ƙanana a naɗe. Wannan shi ne ɗan tsiro. Wutsiyar ita za ta zama saiwa. Ɓarin waken guda biyu kuwa guzurinsa ne. Ɓawon shi ne rigar da ke tsare su.

Haka gero da dawa da masara suke. Ɗan tsiron masara yana nan a gefen ƙwayar, wurin da ya ɗan loɓa ya yi fari. Sauran ƙwayar duk gari ne. Wato tuwon da ake ci a gida, asalinsa guzuri ne da uwar shuka ta tanadar wa 'ya'yanta.

Abu uku iri ke bukata kafin ya farka: ruwa, da iska, da ɗumi. Taki ba ya cikin lissafin tukuna. Idan ruwa ya shiga ƙwayar, sai ta kumbura, rigar ta tsage. Garin da ke ciki sai ya fara narkewa yana komawa sukari, ɗan tsiro yana sha. Wanda ya tauna dawar da ta yi tsiro zai ji zaƙi-zaƙi, shi ya sa wasu mata ke sa tsiro a kunu. Saiwa ce ke fara fitowa ta nufi ƙasa, ko da an ajiye ƙwayar a juye. Bayan ta kama, sannan kan tsiron ya nufi sama. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Daga waɗannan abubuwa uku ake gane dalilin da ya sa shuka ke ƙin fitowa.

Irin da ya farka ba ya komawa barci. Idan aka yi shuka a kan ɗan yayyafi, ƙwayar za ta sha ruwa ta fara tsira. Idan rana ta buɗe kwana biyar ko shida babu wani ruwan, ɗan tsiron zai bushe ya mutu. Wannan shi ne haɗarin binne. Binnen gero yana sa a riga kowa yabanya idan ruwan farko mai ƙarfi ne. Idan ya zo kaɗan kuwa, sai a sake shuka. Gero ƙwayarsa ƙanana ce, asararsa da sauƙi. Amma masarar da aka saya da tsada, ko gyaɗa, ba a caca da su. A bari ƙasa ta jiƙa sosai, a tona da hannu a ga laima ta kai zurfin taƙi guda.

Inda ruwa ya kwanta kuma, iska ba ta shiga ƙasa. Iri zai shaƙe ya ruɓe. Amfanin kunya ke nan a gonar da ke riƙe ruwa. Ɗumi kuwa masu noman rani sun fi kowa saninsa. Wanda ya shuka masara a bakin dam ɗin Guzuguzu cikin sanyin Disamba ya san yadda take nawa kafin ta fito. Alkama ce ke son wannan sanyi.

Zurfin rami ma lissafi ne. Guzurin ƙwaya daidai girmanta yake. Idan aka binne gero da zurfi, guzurin zai ƙare tun kansa bai ga rana ba. Gero yana son zurfin gaɓar yatsa ɗaya, wato santimita 2 zuwa 3. Dawa da wake su ɗan ɗara haka. Masara da gyaɗa kamar santimita 5, gaɓa biyu ke nan. A ƙasar jigawa mai rairayi a ɗan ƙara zurfi, a ƙasa mai laka a rage. Mai saran sungumi da yaran da ke bin bayansa suna zuba iri, duk ya kamata su san wannan.

A gwada iri tun a gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako biyu kafin ruwan shuka, manomi ya ɗebi iri daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, ya cuɗa. Ya ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba. Ya jera su layi 10, kowane layi ƙwaya 10, a kan jiƙaƙƙen buhun ashasha ko a cikin kwano mai danshin yashi. A rufe, a ajiye a inuwa inda kaji da ɓeraye ba za su kai ba. A riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan kwana 7 a ƙirga waɗanda suka tsira.

Idan 85 ko fiye suka fito, iri ne mai kyau. Idan 60 ne ko 70, a ƙara yawan ƙwayar da ake sa wa a rami. Idan rabi ne ko ƙasa da haka, a nemi wani irin. Wannan aiki ba ya cin ko kwabo, kuma ɗaliban ajin yaƙi da jahilci suna iya yin sa tare, su rubuta sakamakon a allo. Wanda zai sayi iri a kasuwa ya fara sayen ɗan kaɗan ya gwada tukuna.

Zafi da danshi su ne manyan makasan iri a ajiya. Irin da aka ajiye bai gama bushewa ba, ko aka jingina da bangon ɗakin girki, ransa zai fita tun kafin damuna. Gyaɗa da waken soya sun fi saurin mutuwa. Gyaɗar iri a bar ta cikin kwansonta, sai shuka ta matso a ɓare da hannu. Waken da ƙwaro ya huda an cinye masa guzuri, ko ya tsira ba zai yi ƙarfi ba.

Irin da aka gauraya da maganin ƙwari yakan zo da launi ja ko kore. Launin gargaɗi ne. Guba ce a jikinsa. Ba a ci, ba a ba kaji, wankewa kuma ba ta mai da shi abinci. Mai gaurayawa da kansa ya karanta abin da aka rubuta a jikin ƙunshin maganin, ya bi awon da aka faɗa, ya wanke hannu da sabulu.

Akwai kuma masara mai aure, wadda kamfanonin iri ke haɗawa daga iyaye biyu daban. Shukar farko tana yin kyau ƙwarai idan ta sami taki. Amma idan aka ɗebi iri daga amfaninta aka sake shukawa, 'ya'yan za su fito wani dogo wani gajere, amfani ya ragu. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To masara mai aure ba ta bin wannan magana. Kowace shekara sabon iri take so.

Ganye shi ne madafa

Guzurin ƙwaya ba ya daɗewa. Cikin mako biyu, lokacin da masara ta yi ganye uku ko huɗu, ya kusa ƙarewa. Daga nan dole shuka ta ci da kanta. To me take ci?

Mutane da yawa za su ce ƙasa take ci. Haka mutanen duniya suka ɗauka shekaru aru-aru. Wani likita a ƙasar Beljiyam, mai suna Van Helmont, ya ce sai ya auna. Ya busar da ƙasa kimanin kilo 90 ya zuba a babbar tukunya. Ya dasa wata 'yar bishiya mai nauyin kilo 2 da 'yan kai. Shekara 5 yana ba ta ruwa kaɗai. Da ya tumɓuke ta ya ɗora a sikeli, sai ya tarar ta kai kilo 76. Ya sake busar da ƙasar ya auna. Abin da ya ragu bai kai giram 60 ba, wato bai fi cikin tafin hannu ba. An buga labarin wannan gwaji a shekarar 1648, bayan rasuwarsa.

Shi Van Helmont ya ce ruwa ne ya zama itace. Rabin gaskiya ya gano. Sauran rabin yana cikin iska. A shekarar 1779 wani masani ɗan ƙasar Holan, Ingenhousz, ya nuna cewa koren ganye yana wani aiki da iska, kuma sai da hasken rana yake yin sa. Waɗanda suka biyo baya suka ƙarasa bayanin.

Ga yadda abin yake. A jikin kowane ganye akwai ƙofofi dubbai, ƙanana ƙwarai, sai da madubin likita ake ganin su. Ta nan wata iska ke shiga, wadda ake kira kabon-dayoksaid. Ita ce iskar da mutum da dabba ke fitarwa idan sun yi numfashi, ita ce kuma ke tashi idan wuta na ci. Saiwa tana turo ruwa daga ƙasa. Koren launin ganye yana kama hasken rana. Da ƙarfin wannan haske ganye ke haɗa iska da ruwa su zama sukari. Wato ganye shi ne madafa, rana ita ce wutar girki, iska da ruwa su ne cefane. Abin da ya saura daga girkin shi ne iskar oksijin, wadda ganye ke saki, mutane da dabbobi su shaƙa su rayu.

Wannan sukari shi ne abincin shuka. Da shi take gina kara da saiwa da sabon ganye. Rarar kuma sai ta adana. Rake da takanɗa suna adana shi a kara yadda yake, shi ya sa suke da zaƙi. Rogo da dankali suna kai shi cikin ƙasa. Gyaɗa da riɗi suna mai da shi mai. Dawa da gero da masara suna mai da shi gari a cikin tsaba.

Ga shaida a murhu. A ƙone damin karan dawa, a dubi tokar da ta rage. 'Yar kaɗan ce. Kusan iyakar abin da karan ya ɗauka daga ƙasa ke nan. Sauran, fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyin busasshen karan, daga iska da ruwa ya zo. Ga wata shaidar a tsakar gida. A kife kwano a kan ɗanyar ciyawa a bar shi mako guda. Idan aka ɗaga, ciyawar ta yi fari ta langaɓe, alhali ƙasar da ruwan ba su canja ba. Rana kaɗai aka hana ta.

Wanda ya gane wannan ya gane dalilin ayyukan da ya gada. Ana cirar gero da dawa a bar biyu ko uku a rami, don kada su yi wa juna inuwa. Ana gaggawar noman firi, don ciyawa tana tare rana tana kuma shanye ruwa, kuma ɓarnar da ta yi a makonnin farko ba ta gyaruwa daga baya. Tazarar da malaman gona na KNARDA da na shirin Sasakawa, wanda ya shigo Nijeriya a 1992, suka koya wa masu masara, wato santimita 75 tsakanin kunya da 25 tsakanin shuka, tushe ɗaya a rami, lissafin rabon hasken rana ne.

Akwai wata al'ada da ke bukatar gyara. Idan abincin dabbobi ya yi wuya, akan fige ɗanyen ganyen dawa ko masara a ba tumaki. Ganyen ƙasa da ya fara bushewa babu laifi. Amma ganyen sama, musamman lokacin da dawa ke fitar da kai ko masara ta yi goyo, shi ke cika tsaba. Mai fige shi yana rushe madafa ne ana tsakar girki. Haka ma yanke bununin masara da wuri. Kowane silin gashin masara ƙwaya ɗaya yake haifarwa, kuma sai ƙurar bununi ta faɗa masa. Idan bai samu ba, masarar ta fito da giɓi. Tsutsar masara da ta ɓulla a Nijeriya a 2016, wadda ke ɓuya a cikin kunnen masara tana cin sabon ganye, ɓarnarta ta nan take. A riƙa duba gona tun shuka tana ƙarama.

Aikin saiwa

Saiwa tana riƙe shuka kada iska ta kayar da ita, tana kuma sha mata ruwa. Ba manyan jijiyoyin ne ke sha ba. A bakin kowace ƙaramar saiwa akwai gashi fari mai laushi, shi ke tsotsa. Za a gan shi sarai a jikin irin da aka gwada a kan buhu. Wannan gashi ne ke tsinkewa idan aka fizge dashen tumatir ko barkono da ƙarfi, shi ya sa dashe ke yin yaushi kwana biyu ko uku. A jiƙa bedi kafin a cire, a ɗauko da ƙasarsa, a dasa da yamma.

Ruwan yana hawa ta wasu siraran hanyoyi cikin kara har ganye. Kaɗan ne ke shiga girki. Mafi yawansa fita yake ta ƙofofin ganye ya bi iska, kamar gumi, yana sanyaya shukar. Tushen masara ɗaya yana iya shan ruwan da ya kai durom guda, wato lita 200, daga tsirowa zuwa girbi. Idan fari ya yi, masara takan naɗe ganyenta ta rufe ƙofofin don kada ruwa ya ƙare. Amma ƙofa a rufe, iska ba ta shiga, girki ya tsaya.

Saiwa ba ta da haƙori. Abin da ya narke a ruwa kaɗai take ɗauka. A riƙe wannan, domin shi ne tushen ƙa'idar sa taki.

To taki fa?

Idan shuka da kanta take girka abincinta, mene ne amfanin taki? Amfaninsa kamar na gishiri da daddawa ne a miya, ko na ƙusa a wurin kafinta. Kaɗan ake bukata, amma in babu shi aiki ba ya yiwuwa. Shuka tana bukatar sinadarai fiye da 10 daga ƙasa. Uku daga ciki ta fi nema da yawa, su ne aka rubuta haruffansu a jikin buhun takin kamfa: N, P, K.

N shi ne naitirojin. Da shi ake gina koren ganye. Idan ya yi ƙaranci, tsofaffin ganyen ƙasa sukan yi rawaya, daga tsini su bi tsakiyar ganyen, shuka ta tsumbure. P shi ne fosfaras, mai taimakon saiwa da fure da ƙwaya. Rashinsa yakan sa ƙaramar masara ta yi ja-ja mai duhu, ta ƙi tashi. K shi ne fotashiyam, mai ƙarfafa kara da taimakon shuka ta jure fari da cuta. Rashinsa yakan sa gefen tsohon ganye ya bushe kamar an babbaka.

Lambobin da ke jikin buhu suna faɗin yawan kowanne a cikin 100. Idan an rubuta 15-15-15, buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7 da rabi na kowane ɗaya. Yuriya kuwa naitirojin ce zalla, kashi 46 cikin 100, wato kilo 23 a buhu. Takin supa na fosfaras ne. Mai iya karatu ba a sayar masa da wani a madadin wani.

Masara takan so kamfa cikin mako biyun farko, daidai lokacin da guzurinta ke ƙarewa. Yuriya kuma ta biyo baya a mako na 4 zuwa na 6. Dalilin rabawa biyu shi ne, naitirojin ba ya zama. Ruwan sama mai yawa yana tafiya da shi ƙasa can inda saiwa ba ta kai ba, musamman a jigawa. Yuriyar da aka watsa a bisa ƙasa aka bari a rana, wani kashi nata iska yake bi. Don haka a sa taki lokacin da ƙasa ke da danshi. A yi ɗan rami nesa da tushe kamar faɗin yatsu uku, a zuba, a rufe. Idan ya taɓa iri ko kara yana ƙonewa.

Wanda ba shi da kuɗin buhu kada ya ce ya haƙura. Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar, sun nuna cewa cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na kamfa, kimanin giram 6, a gefen kowane ramin gero ko dawa yana ƙara amfani sosai. Takin da aka binne a gindin shuka ya fi wanda aka watsar amfani.

Takin gida aikinsa daban ne. Kashin shanu da na awaki da na kaji, da toka da sharar gida, suna ɗauke da ɗan kaɗan na kowane sinadari, suna sakin sa a hankali. Suna kuma sa rairayi ya riƙe ruwa, laka ta yi laushi. Takin zamani ba ya wannan. Gonar da ake ba takin zamani kaɗai shekara da shekaru takan gaji, ta riƙa neman ƙari. A bar takin gida ya ruɓe sosai kafin a kai gona, don ɗanye yana ƙona tsiro yana kuma kawo irin ciyawa. Kowace kaka ana kwashe tsaba, a kwashe kara don danni da girki, a kwashe harawa. Duk da sinadaran gonar ake tafiya. Mangalar takin da ta koma gona biyan bashi ce. Ƙona sauran karmami a gona kuwa, toka tana barin fotashiyam, amma naitirojin ya bi hayaƙi.

Masu yin takin kansu

Iskar da ake shaƙa, kashi 78 cikin 100 naitirojin ce. Amma dawa da gero da masara ba sa iya ɗaukar sa daga iska. Yuriya ma daga wannan iska ake yin ta, a manyan masana'antu irin wadda Dangote ya buɗe a Legas a 2022, da wuta mai yawa da kuɗi mai yawa.

Wake da gyaɗa da waken soya suna yin wannan aiki a kyauta. A tono tushen gyaɗa mai mako shida a hankali, a wanke saiwar. Za a ga 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar gero a jikinta. Ba cuta ba ce. Gidajen wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda masana a Turai suka tabbatar da aikinsu a 1888. Suna kama naitirojin daga iskar da ke cikin ƙasa su ba shukar, ita kuma ta ba su sukari. A fasa ƙulli ɗaya da farce. Idan cikinsa ja ne, ana aiki. Idan fari ne ko kore, babu aiki.

Shi ya sa zuba wa gyaɗa yuriya da yawa asara ce, sai ta yi ganye ta rasa 'ya'ya. Supa take so. Gyaɗa tana fure a sama, sannan ta tura wani ɗan tsinke cikin ƙasa, a bakinsa kwanso ke fitowa. Kwanson da kansa yake tsotsar wani sinadari mai suna kalsiyam daga ƙasar da ke kewaye da shi, kuma supa tana ɗauke da shi. Rashinsa na daga cikin abin da ke sa a fasa gyaɗa a tarar babu ƙwaya.

Iyaye da kakanni da ke haɗa gero da wake a gona ɗaya, ko su bi gyaɗa da dawa a shekara mai zuwa, sun san amfanin tun ba a san dalilin ba. Haka ma gawo. Dangin wake ne, saiwarsa tana wannan aiki. Yana zubar da ganye da damuna, ya bar wa shuka rana, ya yi ganye da rani dabbobi su sha inuwa su bar kashi a gindinsa. Kowa ya ga yadda dawar gindin gawo ke fin ta nesa. Wanda ya ga ɗan gawo ya tsiro a gonarsa ya kewaye shi da fartanya.

Wuta-wuta, mai cin girkin wani

Akwai tsiron da ba ya son wahalar neman abinci. Shi ne wuta-wuta, wanda wasu ke kira ƙuduji. Duk abin da aka faɗa a sama game da iri da saiwa yana bayyana yadda yake ɓarna.

Irinsa kamar ƙura yake. Tushe ɗaya yana zubar da ƙwaya 50,000 ko fiye, kuma suna iya kwana a ƙasa shekara 10 har zuwa 20 da ransu. Guzurin kowace ƙwaya kaɗan ne ƙwarai, don haka ruwa da ɗumi kaɗai ba sa tashin ta. Sai ta ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa. Da ta ji, sai ta tsira ta manne da saiwar, ta huda ta, ta shiga shan ruwa da sukarin da ganye ya girka. Takan yi wata guda ko fiye a ɓoye cikin ƙasa. Kafin manomi ya ga furenta mai launin shunayya, an riga an yi rabin ɓarnar. Dawa ta tsumbure ta yi kamar fari ya kama ta, alhali ƙasa a jiƙe take.

An gano cewa shukar da ke yunwar naitirojin da fosfaras ta fi fitar da wannan sinadari. Wato gonar da ta gaji ita ke kiran wuta-wuta da babbar murya. Taki, na gida da na zamani, yana rage ta.

Akwai kuma dabarar yaudara. Saiwar auduga da ta waken soya da ta gyaɗa suna fitar da irin wannan sinadari, har ma daga saiwar auduga aka fara tace shi a Amurka a 1966. Ƙwayar wuta-wutar dawa takan ji ta tsira, amma ba ta iya kama saiwarsu. Cikin 'yan kwanaki guzurinta ya ƙare ta mutu. Gonar da wuta-wuta ta cinye, a ba ta waken soya ko auduga ko gyaɗa shekara biyu ko uku kafin a koma dawa. Ba za ta ƙare duka ba, amma za ta ragu ƙwarai.

Wake yana da tasa wuta-wutar daban, wadda ba ta kama dawa. Cibiyar IITA, wadda ta buɗe reshe a Kano a 1990, tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, sun fitar da irin wake mai suna SAMPEA 10 a 2008, wanda ba ta iya kama shi. Akwai kuma irin masara masu jure ta, kamar SAMMAZ 15. Haruffan SAM da ke farkon sunan, Samaru suke nufi. A tambayi malamin gona wanda ya dace da ƙasar mutum.

Wadda ta riga ta fito kuwa, a tumɓuke ta da hannu da zarar ta fara fure, tun ba ta zuba iri ba. Kada a yar a kan kunya, domin tana iya ƙarasa nuna a nan. Kada a ba dabbobi, domin irin yana fita ta kashinsu ya koma gona cikin taki. A tara a rami ɗaya a bakin gona a ƙone. Zangarniyar da za a ajiye don iri a yanke ta tun tana tsaye, kada ta taɓa ƙasar da ke da wuta-wuta. Kuma a yi magana da maƙwabcin gona a sa ranar cira ɗaya, domin ruwa da ƙafar shanu da bakin garma suna ɗaukar irin su tsallake iyaka da shi.